Wa Ya Ce Littafin Soyayya Ba Adabi Ba Ne?

Kafin in shiga magana, ina neman afuwar duk wanda wannan rubutu zai fama wa miki. Ba rashin kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abu ne ya tsaya mini a maƙoshi tun bara, na ga kuwa in ban faɗe shi a wannan mujalla tamu ba, to ban san inda zan faɗe shi ba.

A ƙarshen zangon karatu na biyu aka ce kowane ɗan aji uku ya kawo batun da yake so ya rubuta kundinsa a kai. Ni kuwa na kai nawa, watau nazarin auren dole a cikin littattafan soyayya da mata suka rubuta. Malamin da na kai wa, wanda nake ganin girmansa har gobe, ya duba takardar, ya cire tabarau, ya ce, "'Yata, duk faɗin adabin Hausa kin rasa abin da za ki nazarta sai wannan shirme na 'yan kasuwa? Je ki kawo batu na ilimi." Na ce, "To, Malam," na fito. Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, a wannan makon ƙawata ta Sashen Turanci tana ta haddar Pride and Prejudice da Jane Eyre don jarrabawa, alhali kuwa duka biyun labarin yarinya ne da wanda za ta aura. Na Bature ilimi, na Bahaushe shirme. Wannan wane irin rabo ne?

Ana nan sai Allah ya kawo sanadi. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana aikin jinya a birnin Lids na ƙasar Ingila. Ta haihu, ta aiko a tura ni in taya ta reno a dogon hutun 2025. Da na ba ta labarin abin da ya faru sai ta yi dariya, don ita ma a makarantar kwana ta sha ɓoye littattafan Mills & Boon a ƙarƙashin katifa. Ta ce, "Tun da Allah ya kawo ki, ai sai ki je ki ga inda aka haifi abin da idonki." Haka kuwa aka yi. Duk ranar da ba ta da aiki, ko dai mu fita tare ko ta saya mini tikitin jirgin ƙasa in tafi. Rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokaci sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka wuni yana da tsawo. Ba zan bi tsarin tafiyar tawa ba, zan bi tsarin tarihi, don mai karatu ya ga yadda abin ya faro.

A Landan akwai wani titi da ake kira Fleet Street, wanda a da nan ne matattarar masu buga jaridu da littattafai. A wani lungu kusa da shi wani mutum mai suna Samuel Richardson yake da maɗaba'a. Jama'a, a lura, mai maɗaba'a ne, ɗan kasuwa, ba shehin malami ba. Masu sayar da littattafai ne suka roƙe shi ya shirya musu littafin koyon rubuta wasiƙa, yana cikin wannan aiki sai labari ya zo masa. A shekarar 1740 ya fitar da Pamela, labarin wata yarinya 'yar aiki mai shekara 15 wadda maigidanta yake ta neman ya lalata ta, ita kuwa ta ƙi, tana rubuta wa iyayenta wasiƙu tana ba su labari, har daga ƙarshe ya aure ta. Wannan littafi shi ne da yawa daga manazartan Turawa suke ɗauka kakan littattafan soyayya. Ya yi kasuwa har ana zana hoton yarinyar a jikin mahuci da kofin shayi. Kuma tun a 1741 wani marubuci, Henry Fielding, ya fitar da ɗan littafi na yi masa ba'a. Na shiga cocin St Bride inda aka binne Richardson, na tsaya ina tunani: ashe da kasuwa aka fara, kuma da reni aka tarbe shi.

Daga nan na gangara gabas zuwa Leadenhall Street. Yanzu ofisoshin inshora da dogayen benaye ne suka cika wurin, amma wajen 1790 a nan wani William Lane ya kafa maɗaba'ar Minerva, tare da shagon ba da hayar littattafai. Littafi yana da tsada a lokacin, saboda haka sai mutum ya biya ɗan kuɗi ya ara, ya karanta, ya mayar. Yawancin masu rubuta wa Minerva mata ne, da yawansu ma ba a sa sunansu a bango. Sunan maɗaba'ar ya zama abin gori, in ana son a ce littafi ba shi da daraja sai a ce irin na Minerva ne. Masu wa'azi ma ba su yi shiru ba. Wani limamin coci, James Fordyce, ya buga littafin huɗubobi ga 'yan mata a 1766, inda ya ja musu kunne a kan karanta ƙagaggun labarai. Ina roƙon mai karatu ya cire sunan Minerva ya sa "adabin kasuwar Kano", ya cire shagon Lane ya sa shagon hayar littattafai na unguwarsu, sa'an nan ya gaya mini bambancin.

Sai ƙauyen Chawton, a kudu maso yammacin Landan. Jirgin ƙasa ya sauke ni a garin Alton, na ƙarasa da ƙafa. A nan Jane Austen ta zauna daga 1809 zuwa 1817, a wani ɗan gida da wanta ya ba su ita da mahaifiyarta da yayarta, domin tun da mahaifinsu ya rasu a 1805 suke zaman alfarma a gidajen dangi. Na ga teburin da take rubutu a kai, wallahi bai fi faifai biyu ba. Littafinta na farko ya fito a 1811 ba da sunanta ba, an dai rubuta cewa wata mace ce ta yi shi. Pride and Prejudice kuwa, wanda ya fito a 1813, fam 110 kacal ta sayar da haƙƙin mallakarsa. Da ta rasu a 1817 aka binne ta a babban cocin Winchester. Na je na karanta dutsen kabarin tun daga sama har ƙasa, an yabi halinta da haƙurinta, amma ba a ambaci cewa ta rubuta ko littafi ɗaya ba. Sai bayan fiye da shekara 50 aka liƙa wani allon tagulla a bango don a gyara wannan. To, ita ce a 2017 aka sa hotonta a takardar fam goma, kuma shekarar da na je ana ta bikin cikarta shekara 250 da haihuwa, sai da na bi layi kafin in shiga gidan.

A Chawton ne na gane abin da ke ƙarƙashin waɗannan labarai. Mu kan ce soyayya, soyayya, amma ainihin maganar gado ce da dukiya da doka. A Pride and Prejudice mutum yana da 'ya'ya mata biyar, ba namiji, kuma bisa sharaɗin da aka ɗaura wa gidan da gonakin, ranar da ya mutu wani ɗan'uwa namiji na nesa ne zai gaje su, matar da 'ya'yan su san inda dare ya yi musu. Shi ya sa uwar ta haukace da neman miji ga 'ya'yanta. A Ingila ta wancan zamani, mace in ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji. Sai a 1870 da 1882 majalisa ta yi dokokin da suka ba matar aure ikon mallakar abinta, abin da shari'ar Musulunci ta ba mace fiye da shekara dubu kafin nan. Saboda haka tambayar "wa zan aura?" ga yarinyar Ingila daidai take da "me zan ci, ina zan kwana?" Ita kanta Jane Austen a 1802 wani magajin babban gida ya nemi aurenta ta amsa, da gari ya waye ta janye. Ta san abin da ta bari, ta kuma san abin da take rubutawa.

Haworth kuwa kusa da mu yake, daga Lids sai Keighley a jirgi, sa'an nan a hau bas a haura tudu. Gidan limamin coci ne, maƙabarta a ƙofarsa, iska mai sanyi tana kaɗawa ko a tsakiyar bazararsu. A nan 'yan'uwa mata uku, Charlotte da Emily da Anne Brontë, suka yi rubutu. A ƙarshen 1836 Charlotte ta aika wa Robert Southey, mawaƙin fadar Ingila, waƙoƙinta tana neman shawara, ya mayar mata da amsa cewa adabi ba sana'ar mace ba ce. Da za su buga littattafansu a 1847 sai suka ɓuya a bayan sunayen Currer da Ellis da Acton Bell, don kada a gane mata ne. Da Jane Eyre ya fito, wata babbar mujalla ta zarge shi a 1848 da saɓa wa tarbiyyar addinin Kirista. Kuma mene ne a cikin Jane Eyre? Mutum ne yana da mata, ya kulle ta a ɗakin sama ya ɓoye, ya zo zai auri yarinya marainiya, asiri ya tonu ranar ɗaurin aure. Ashe ba labarin kishiya ba ne wannan? Da wata Hajiya ce ta rubuta shi a Kano da an ce ta ɓata tarbiyya. Amma je ka ga Haworth yau. An kafa ƙungiyar tunawa da su tun 1893, gidan ya zama gidan tarihi tun 1928, kuma a 2019 ƙungiyar ta biya sama da Yuro dubu 700 a birnin Faris don ta dawo da wani ɗan ƙaramin littafi, bai fi gidan ashana ba, wanda Charlotte ta rubuta tana da shekara 14.

Wata tafiyar da na yi ita ce ta Gretna Green, ƙauyen farko in ka tsallaka iyakar Ingila ka shiga Sikotilan. A 1753 majalisa ta yi dokar da ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye. Dokar ba ta shafi Sikotilan ba, inda ya isa mutum biyu su furta a gaban shaidu cewa sun auri juna. Sai samari da 'yan mata suka riƙa gudu a keken doki zuwa wannan ƙauye, maƙerin garin ya ɗaura musu aure a gaban uwar maƙera, iyaye suna biye da ƙura. Irin wannan aure bai daina zama halal a dokarsu ba sai 1940. Shi ya sa sunan ƙauyen ya cika littattafan soyayyarsu, har a Pride and Prejudice can aka zaci ƙaramar 'yar ta nufa da ta gudu da soja. Ina tsaye a tsohuwar maƙerar na yi dariya ni kaɗai, domin na tuna yadda ake cewa littattafanmu ne suka koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye. A nan dai doka ce ta fara, gudu ya biyo baya, littafi ya zo daga ƙarshe ya ba da labari. Marubuci bai ƙirƙiri matsalar ba, ya tarar da ita ne.

To, mu dawo gida. Ashe namu ba haka suke ba? Tun cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, waɗanda muke karantawa a aji ɗaya da alwala, akwai Jiki Magayi, labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, labarin 'yar Fulani ne da ta so wanda ba jininsu ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da dubban masu iya karatun boko, mata da yawa a cikinsu, sa'an nan tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya manyan kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai marubuta suka tara kuɗinsu suka buga da kansu, suka kai kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho, ta kuma rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a kan matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, a kan 'yar masu kuɗi da ɗan talaka. Bilkisu Ahmed Funtuwa ta cika littattafanta da mata masu ilimi da sana'a. Auren dole, kishi, saki, gado, karatun 'ya mace, kuɗi da talauci: wanda yake son ya san abin da ke damun gidajen Hausawa daga 1980 zuwa yau, ina zai same shi a rubuce in ba a nan ba? Ƙungiyar marubutan da suka kira kansu Raina Kama sun san abin da suke nufi da sunan.

Na san abin da za a ce mini, kuma ban musa duka ba. Za a ce da yawansu ba su bin ƙa'idar rubutu, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa. Gaskiya ne. Za a ce wasu kwaikwayon finafinan Indiya ne. Gaskiya ne. Za a ce akwai na batsa, musamman waɗanda ake yaɗawa a waya yanzu. Wannan ma gaskiya ne, ni ma ba na so ƙanwata ta karanta su. Amma ina tambaya, likita yakan ƙi duba majiyyaci don cutarsa ta yi muni? In rubutu ya karkace, aikin wa ne ya miƙe shi in ba mu da muke karatun Hausa ba? Kuma ta yaya za ka raba tsaki da tsakuwa in ka rantse ba za ka taɓa kwaryar ba? Littattafan Minerva ɗaruruwa ne, yawancinsu ba su da wani armashi, amma Jane Austen ta karanta irinsu, har ta ambaci sunayen wasu a littafinta Northanger Abbey, inda kuma ta tsaya ta kare marubuta ƙagaggun labarai daga masu rena su. Ba a samun dogon rimi sai a inda aka bar ƙananan itatuwa suka tsiro. Su ma na Turawan ba wankakku ba ne. Arzikin gidan da ke cikin Mansfield Park daga gonakin tsibirin Antigua yake zuwa, inda bayi 'yan Afirka suke aiki. Turawa ba su ƙone littafin saboda haka ba, sun zauna sun yi ta muhawara a kansa.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. A makon ƙarshe na koma Landan na shiga ɗakin karatu na makarantar nazarin Afirka da Gabas da ake kira SOAS. A can na tarar da littattafan soyayya na Hausa, masu siririn bango da takarda mai arha, irin waɗanda aka ƙwace mana a makarantar sakandare, an ba kowanne lamba an adana. Farfesa Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tsara jerin sunayen ɗaruruwan irin waɗannan littattafai na tsakanin 1987 da 2002, aka buga shi a Jamus a 2004. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, wani kamfani a Indiya ne ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a 1908, wanda ko Turawa ba su cika ɗaukar littattafansa da daraja ba, wasiƙun editocinsa da marubutansa suna ajiye a Jami'ar Reading don masu bincike. Mu kuwa a 2007 a Kano tara littattafan aka yi aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Da na dawo na duba ɗakin karatun sashenmu, na ƙirga irin waɗannan littattafai, yatsun hannuna biyu ba su ƙare ba. Watau nan gaba jikanmu in yana son ya karanta abin da kakarsa ta rubuta a Fagge sai ya nemi biza. Kaico!

Ba na cewa malamanmu duka sun yi barci. Muhawarar da aka yi a jaridu cikin shekarun 1990 tsakanin su Ibrahim Malumfashi da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu ta isa shaida, kuma ko wanda ya soki littattafan a cikinsu sai da ya karanta su tukuna. An kuma rubuta kundaye a kansu a jami'o'i da dama. Kukana da wanda bai karanta ba ya yanke hukunci, da kuma mu ɗalibai da muke karantawa cikin dare a ɗakin kwana, da safe mu shiga aji mu taya malam tsaki.

Saboda haka ina kawo wa Ƙungiyar Hausa shawara guda uku, ba wadda take bukatar kuɗin gwamnati. Ta farko, hutu mai zuwa kowane ɗan ƙungiya ya buɗe akwatin mahaifiyarsa ko na yayarsa ya kawo tsofaffin littattafai biyar, mu rubuta sunan marubuci da shekara da maɗaba'a, mu ajiye su a kabad guda mai makulli. Mu ɗari biyu ne ko fiye, ku yi lissafi. Ta biyu, mu rarrabu mu je mu yi hira da marubutan farko waɗanda suke raye, da masu maɗaba'a, da masu shagunan haya, mu ɗauki muryarsu, tun kafin mu zo muna cewa da mun sani. Ta uku, mu fara adana waɗanda ake rubutawa a waya da intanet, masu kyau da marasa kyau, domin waɗannan ko wuta ba sa bukata, waya ta lalace shi ke nan sun tafi. Malamanmu kuma ina roƙonsu da girman Allah su bar mu mu nazarci abin da jama'armu take karantawa, su koya mana yadda za mu auna shi da ma'auni mai tsanani, mu yabi na yabo mu soki na suka.

Ni dai ranar Litinin zan koma ofishin Malam da batun nan nawa, ban canja ko wasali ɗaya ba. Zan tafi masa da tsarabar Wa Zai Auri Jahila?, in durƙusa in ce, "Malam, a taimaka a karanta, in an gama sai a yanke mini hukunci." In ya karanta ya ce shirme ne, zan saurari hujjarsa da ladabi, don a lokacin mun zama masu muhawara a kan abu guda. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, shafin mujallar nan a buɗe yake, ina jiran martani a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon ganin darajar namu tun yana hannunmu, amin.